Daga Ɗakin Jinya: Akwatin da Bai San Ƙarfe Nawa Ba

 Makon jiya na yi muku alkawarin za mu ƙarasa maganar yaye, kuma na ga tambayoyin da kuka bari a ƙasan rubutun. Ban manta ba, in sha Allahu mako mai zuwa za mu koma kanta. Yau dai ku yi mini uzuri, akwai abin da ya faru a wurin aikinmu wanda ya ƙi barin raina, kuma ina ganin ya shafe ku ko da ba ku taɓa aikin asibiti ba.

Daren da aka ɗauke wuta

Wata abokiyar aikina ce ke aikin dare a ɗakin masu jego. A hannunta akwai wata yarinya, haihuwar fari, wadda ta yi jijjiga kafin ta haihu. Irin waɗannan muna yi musu allurar magnesiyam duk bayan awa 4, har a cika awa 24 daga haihuwa ko daga jijjigar ƙarshe, kuma kafin kowace allura sai an duba numfashi da yawan fitsari da motsin gwiwa. An yi mata ta ƙarfe 10 na dare, saura ta ƙarfe 2.

Wajen ɗaya da rabi aka ɗauke wuta. Aka tayar da ƙaramin janareta, fitilu suka dawo, kwamfutar teburinmu ta kama, amma ta ƙi buɗe fayil ɗin kowa. Sista ta yi allurar ƙarfe 2 a kan lokaci, ta rubuta a takardar da ke ƙafar gado. Wajen ƙarfe 4 yarinyar ta sake jijjiga, aka kira likita, Allah Ya sa aka shawo kanta. Sai ƙarfe 4:40 kwamfuta ta yarda ta buɗe, Sista ta zauna ta shigar da duk abin da ta yi. Ita kuwa manhajar, lokacin da aka shigar da abu shi take bugawa.

Da safe mijin yarinyar ya kai ƙara. Aka buɗe kwamfuta, aka ga allurar ƙarfe 2 tana ɗauke da 4:40, wato bayan jijjigar. Kafin azahar an miƙa wa Sista takardar neman bahasi.

Ta ce, “Ranki ya daɗe, wallahi na yi mata a kan lokaci, ga takardar gado.”

Shugabarmu ta ce, “Sista, ni na san ki, amma takarda ko yaushe ana iya rubuta ta. Ki kawo mini shaidar cewa kwamfuta ba ta aiki a lokacin.”

Nan aka tuna da wani akwati mai ƙyafta fitilu da ke maƙale a bango bayan ƙofarmu, wanda shekara da shekaru muke rataya mayafi a kusa da shi ba tare da mun san sunansa ba.

Mene ne wannan akwati?

Masu aikin suna ce masa suwic. Akwatin rarraba sadarwa ne mai ramuka a jere, wani 8, wani 24, wani 48. Wayar kowace kwamfuta da firinta da kamara tana shiga rami ɗaya, shi kuma ya miƙa saƙon kowa ga mai shi. Idan kin taɓa leƙa bayan kanta a banki ko cibiyar jarrabawar JAMB, kin gan shi.

Iri biyu ne. Akwai mai araha wanda sai dai a jona shi kawai, ba shi da agogo, ba shi da abin saitawa. Akwai kuma wanda ake shiga cikinsa ta kwamfuta a ba shi umarni. Wannan na biyun yana riƙe da kundi: duk lokacin da wata waya ta katse ko ta dawo, ko wani ya shiga cikinsa, sai ya rubuta, ya sa kwanan wata da lokaci. Namu irin wannan ne, don haka muka ce Alhamdu lillahi, ga shaida.

Matashin da ke kula da kwamfutocinmu ya zo, bai daɗe da kama aiki ba. Matsalar farko, akwatunan uku ne a asibitin, kuma duk ukun sunan da suka zo da shi daga kamfani suke amsawa. Wurin da ake rubuta inda akwati yake babu komai, wurin sunan mai kula da shi ma fayau. Sai da ya yi ta cire waya yana mayarwa kusan awa ɗaya kafin ya tabbatar wanne ne na ɗakinmu.

Da ya buɗe kundin sai ya dafe kai. Ya ce, “Anti, zo ki gani.” Layi bayan layi, kwanan watan ɗaya ne: 1 ga Janairu, 2000. Ashe akwatin ba shi da batirin riƙe agogo, kuma ba a taɓa nuna masa inda zai tambayi lokaci ba. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ya farka yana zaton ƙarfe 12 na daren shiga shekarar 2000 ne, ya fara ƙirga daga nan. A garinmu kuwa kun san sau nawa ake ɗauke wuta a rana. Ya rubuta duk abin da ya gani tsakani da Allah, amma ba wanda zai iya cewa wane dare yake nufi.

Yadda gaskiya ta fito

Kwana uku aka yi ana abu ɗaya. Sista ko abinci ba ta iya ci, ga yara uku, ga maganar dakatarwa ana raɗe-raɗinta. Abin da ya cece ta wani tsohon littafi ne mai maiƙon baƙin mai. Baba mai janareta yana rubuta lokacin da ya tayar da injin da lokacin da ya kashe, saboda lissafin man dizal. A wannan daren ya rubuta 1:42.

Yaron nan ya bi kundin ɗaya bayan ɗaya, ya sami farkawa guda wadda a cikinta wayar da ta haɗa ɗakinmu da ginin ofis ta zauna a mace har awa 2 da minti 58. Ki haɗa 1:42 da wannan, zai ba ki 4:40 daidai. Ashe akwatin ginin ofis ba ya kan layin ƙaramin janareta, sai da wutar gari ta dawo can sannan hanya ta buɗe.

Kundin bai ce ta yi allura ba, abin da ya tabbatar shi ne uzurinta gaskiya ne. Mahaifiyar yarinyar ta ƙara da cewa a gabanta aka yi allurar, tun dare bai yi kusa da assalatu ba, likitoci kuma suka bayyana cewa jijjiga kan iya dawowa ko da ana kan magani. Aka janye takardar. Maijego da jaririnta sun koma gida lafiya.

Da komai ya lafa na tambayi yaron, da agogon daidai yake, minti nawa binciken zai ci? Ya ce biyar. Saita shi fa? Ya ce goma. Na ce to ƙanena, zauna ka saita a gabana, in ga abin da ya hana mace barci kwana uku.

Na farko: a raɗa masa suna

A ɗakin haihuwa ba ma barin jariri ya fita sai an ɗaura masa abin hannu mai sunan uwarsa da rana da lokacin haihuwa. Shi ma akwatin haka yake buƙata.

Ana jona kwamfuta da shi, a buɗe manhajar shiga intanet, a rubuta lambar adireshinsa. Da yawa daga na TP-Link suna zuwa da 192.168.0.1, na Cisco na ƙananan ofisoshi kuma 192.168.1.254, amma wanda ya girka yana iya canzawa. Bayan an sa kalmar sirri, shafin bayanan na'ura ne yawanci ke fara fitowa. Zai nuna samfurinta, da lambarta, da tsawon lokacin da ta yi a kunne tun farkawar ƙarshe. Akwai gurabe uku da mutum ne zai cike su da kansa:

Suna. A sa wanda ko baƙo zai gane, gajere, ba tazara a tsakani. Namu yanzu sunansa jego-bene1.

Wuri. A faɗi gini da ɗaki da bango. Mun rubuta: ɗakin masu jego, bayan ƙofar teburin nas.

Wanda za a nema. Gara a sa ofis da lambar ofis, domin ma'aikaci yana iya barin aiki, lambarsa ta bi shi.

Sannan a rubuta sunan a takarda a manna a jikin akwatin. Kalmar sirri kam ba a manna ta. Idan har yanzu wadda ta zo daga kamfani ce, a canza ta a ranar, domin duk mai waya zai iya nemo ta a intanet cikin minti ɗaya.

Na biyu: a gaya masa a wace ƙasa yake

Na'urorin duniya suna lissafi da agogo guda da ake kira UTC, wanda a aikace daidai yake da GMT ɗin da muka saba ji a rediyo. Kowace ƙasa sai ta ƙara ko ta rage. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk +01:00 ne. Ghana tana kan GMT ɗin kansa, ba ƙari. Sudan +02:00, Saudiyya +03:00.

A nan akwai wani tarko. A jerin da na'ura za ta nuna, za ki ga biranen Turai irin su Paris da Berlin su ma an rubuta musu +01:00. Kada a zaɓe su. Yawancin ƙasashen Turai suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, mu kuwa ba ma yi. Wanda ya zaɓi Paris zai ga komai daidai a watan Janairu, Afrilu na shiga agogonsa ya tsere da awa guda. A nemi Legas ko Yamai ko Afirka ta Yamma ta Tsakiya, duk inda aka ga haruffan DST kuma a tabbata a kashe yake.

Na uku: a nuna masa wanda zai tambaya

Hanyoyi uku ne na ba shi lokaci. Ana iya rubutawa da hannu. Ana iya cewa ya kwafa daga kwamfutar da aka shiga da ita. Waɗannan biyun, idan akwatin ba shi da batiri, ɗauke wuta ɗaya ya share su. Ko da batirin ma, irin wannan agogo yakan zame da daƙiƙa ɗaya ko biyu a rana, a wata guda ya kusa minti, a shekara kuwa ki lissafa.

Hanya ta uku ita ce ta ƙwarai: a bar shi ya riƙa tambaya ta intanet. Sunan tsarin NTP, ƙaninsa mai sauƙi kuma SNTP, waɗannan haruffan za a nema a shafin lokaci. Wani malami a Jami'ar Delaware ta Amurka, David Mills, shi ya tsara shi tun wajen 1985, kuma har yau da shi yawancin kwamfutocin duniya ke daidaita agogo. Akwai manyan kwamfutoci da ke karɓar lokaci daga agogon kimiyya mafi inganci da kuma taurarin GPS, su kuma su raba wa duk wanda ya tambaya, kyauta. Ana rubuta adireshin biyu daga cikinsu, misali pool.ntp.org da time.google.com, domin idan ɗaya bai amsa ba ɗayan ya amsa. Daga nan duk sa'ad da akwatin ya farka zai tambaya, kuma zai ci gaba da tambaya lokaci zuwa lokaci.

Sharaɗi ɗaya ne: sai ya san ƙofar fita zuwa intanet, wato adireshin rauta, da kuma adireshin DNS mai fassara suna zuwa lamba. Idan ba a cike waɗannan ba, zai yi ta sallama ba mai amsawa. A babbar ma'aikata kuma ya fi kyau a zaɓi na'ura ɗaya ta cikin gida ta zama uwar agogo, kamara da kwamfuta da akwatunan duk su riƙa tambayarta, bakinsu ya zo ɗaya.

Na huɗu: a adana, a gwada

Wannan ne inda ake yawan faɗuwa. Da yawa daga akwatunan nan suna aiki da sabon saiti nan take, amma ba su riƙe shi ba sai an danna wurin adanawa daban. Mutum ya gama aiki, ya ga lokaci ya yi daidai, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, daren nan a ɗauke wuta komai ya koma gidan jiya. Don haka bayan an adana, a kashe shi, a kunna, a jira minti biyu ko uku, a sake dubawa. Mu sai da muka nemi izini muka zaɓi lokacin da ba kowa a kan kwamfuta. Da ya farka ya nuna ranar da muke ciki da 3:17 na yamma, na duba agogon hannuna, haka yake. Yanzu kuma an saya masa ƙaramin batirin riƙe wuta.

To, ina ruwan uwa da wannan?

Na san wata za ta ce, Sista, ni ba ni da asibiti. Amma a cikinku akwai masu shago, masu makarantar Islamiyya da ta boko, masu kemis, akwai waɗanda maigida ya sa kamara a ƙofar gida. Kusan kowa kuma tana riƙe da waya. Ciwon iri ɗaya ne.

Kamara. Akwatin da ke naɗar hoton yana da ɗan batiri mai kama da kwabo, kuma yana mutuwa bayan 'yan shekaru. Yau ki tsaya gaban allon ki gwada lokacin da ke kusurwa da na wayarki. Ina roƙonku da girman Allah, kafin a ɗora wa 'yar aiki ko yaron shago ko almajirin gida sata saboda “kamara ta nuna shi ƙarfe kaza”, a fara tabbatar da agogon kamarar. Na ga abin da zargi ya yi wa babbar mace mai takardar shaidar aiki, balle yarinyar da ba ta da mai tsaya mata.

Rauta. Idan kin sa ta riƙa yanke wa yara intanet ƙarfe 9 na dare, da agogonta take aiki. In an bar ta a kan lokacin wata ƙasa, za ta yanke da rana tsaka ana aikin makaranta, ta buɗe da tsakar dare kina barci. Gyaran iri ɗaya ne da na sama: ƙasa, NTP, adanawa.

Waya. Ki shiga saiti, wurin kwanan wata da lokaci, ki kunna inda wayar ke daidaita kanta. Idan kwanan wata ya kauce, WhatsApp yakan ƙi buɗewa, shafukan intanet su riƙa cewa ba su da aminci, lambobin sirri masu canzawa duk daƙiƙa 30 su ƙi karɓuwa, har ki zaci an yi miki kutse. Hajiyoyin da suka dawo daga Makka, a duba musu: in da hannu aka saita, wayar tana gaba da awa 2 a Najeriya da Nijar, awa 3 a Ghana, kuma ƙararrawar sahur da ta shan magani duk za su bi ta.

Magani. Wannan ba ya buƙatar na'ura. Idan yaro na zazzaɓi kika ba shi farasitamol, ki rubuta lokacin a jikin kwalin. Tazarar awa 4 zuwa 6 ce, kuma kada ya wuce sau 4 a cikin awa 24. Uwar da ta kwana ba barci ba ta iya tuna ko ƙarfe 1 ta bayar ko ƙarfe 3, kuma tambayar farko da za mu yi miki a asibiti ke nan.

Kafin ki sallami mai girkawa

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka zo haɗa miki kamara ko intanet a shago ko makaranta, kada ki cika kuɗin aiki sai kin yi waɗannan tambayoyi:

1. Wane suna ka sa wa kowace na'ura, kuma ka manna a jikinta?
2. Wace ƙasa ka zaɓa a wurin lokaci?
3. Daga ina take samun lokaci, da hannu ka sa ko ta intanet?
4. Ka canza kalmar sirrin kamfani? Rubuta mini ita in adana.
5. Kashe ta ka kunna a gabana, mu ga ko za ta tuna.

Ba sai kin iya kwamfuta ba kafin ki yi su. Mai aikin kirki zai ji daɗin tambayar, wanda ya fara ɓata rai kuwa kin san inda aka dosa.

Tun muna makarantar jinya malamanmu suke nanata mana cewa duk abin da muka yi wa majiyyaci mu rubuta shi da rana da lokaci, mu sa hannu. Ban taɓa kawowa a raina cewa dokar ta hau kan akwatin da ke bayan ƙofa ba, sai da na ga 'yar'uwata tana share hawaye da gefen hijabinta a ɗakin canza kaya. Yanzu duk ranar da na karɓi aiki, bayan na ƙirga magunguna, nakan kalli agogon bango da na kwamfuta da na hannuna. In sun saɓa, ba na zama sai na kira a gyara.

Ku duba naku yau, ku faɗa mini a ƙasa abin da kuka tarar, musamman masu kamara. Ina so in ji wadda tata ta fi kowa nisa da gaskiya. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mu da zargin da ba mu ji ba ba mu gani ba. Sai mako mai zuwa, da maganar yaye in Allah Ya kai mu.